"KATI NAWA ZA KA BA NI?" TUKUICIN ƊALIBI DA MAGANAR IKHLASI



'Yan uwa, kwanakin baya bayan mun tashi daga karatun tsakanin Magariba da Isha'i, wani dattijo daga cikin iyayen yara ya tare ni a ƙofar masallaci, da ganinsa ka san ransa a ɓace yake. Ko gaisuwar kirki ba mu ƙarasa ba ya ce: "Malam, wai me kuke koya wa yaran nan ne a Islamiyya? Jiya na ce da ɗana ya ɗebo wa kakarsa ruwan alwala, buɗar bakinsa sai ya ce mini, Baba kati nawa za ka ba ni?"

Wallahi na ji kunya. Domin ni ne na amince aka kawo maganar katin nan cikin makarantar, kuma ni na tsaya a gaban kwamiti na kare ta. Na ba shi haƙuri, na ce ya ba ni lokaci. Abin da zan rubuta yau shi ne amsar da na kai masa daga baya, na faɗaɗa ta saboda na san akwai malaman Islamiyya da na firamare da yawa masu bibiyar karatunmu.

Bari in fara da yadda aka yi abin ya shigo.

Akwai wata Islamiyya a nan Magajin Gari da nake cikin masu kula da ita. Duk wanda ya san Birnin Gwari a shekarun nan ya san yadda garin ya cika da mutanen ƙauyuka da 'yan bindigar daji suka tasa. Iyali guda ya zo ya raɓu da ɗan uwa, ɗaki ɗaya mutum goma. Yaransu kuwa makaranta aka turo mana. Ajin da aka saba gani da yara arba'in sai da ya ninka. Kuma ba irin yaran da muka saba koyarwa ba ne. Waɗansu sun kwana a daji, waɗansu a gabansu aka tafi da mahaifi. Ba mu manta ba, a watan Maris na 2021 aka shiga makarantar firamare ta Rama a wannan ƙaramar hukuma aka tafi da malamai uku, sannan a Maris na 2024 aka kwashe ɗalibai a Kuriga da ke Chikun, maƙwabtanmu. Yaron da ya tashi yana jin irin wannan, ita kanta kalmar makaranta ba ta zauna masa a rai yadda ta zauna mana muna yara ba.

Wata rana ina zagayen azuzuwa, malamin aji biyu ya ɗaga dorina ya maka wa benci don a yi shiru, ko yaro ɗaya bai taɓa ba. Wani yaro ɗan kimanin shekara takwas, cikin baƙin da suka zo, sai ya yi wuf ya shige ƙarƙashin benci ya toshe kunnuwa, jikinsa na rawa. Da aka jawo shi ashe ya jiƙa wandonsa. Sauran yara suka sa dariya. Kwana huɗu ba mu sake ganinsa ba.

Shi malamin, matashi ne mai takardar NCE, abin ya dame shi ƙwarai. Shi ya zo mini da shawarar a jingine dorina a gwada wata dabara da aka koya musu a kwaleji. Ya tara murafun kwalbar lemo, ya nemo gwangwanayen madara, kowane yaro da nasa an rubuta sunansa. Ya zaɓi abu uku kacal: zuwa kafin a fara addu'ar buɗe aji, zama har a tashi ba ka daki kowa ba, da kawo haddar jiya ko da aya biyu ce. Wanda ya yi ɗaya, nan take a gaban kowa malam zai jefa masa marfi a gwangwani, ya kuma faɗi dalili da baki. Ranar Laraba, tunda Alhamis da Juma'a hutu ne, sai a ƙirga. Marfi goma fensir, ashirin littafin rubutu. Wanda ba ya son kaya yana iya sayen matsayi: shi zai goge allo mako guda, ko shi zai ja addu'ar tashi.

Dabarar tana da tarihi a wajen masana halayyar ɗan Adam. Wasu mutum biyu, Teodoro Ayllon da Nathan Azrin, su suka fara tsara ta a wani asibitin masu taɓin hankali da ke garin Anna a jihar Ilinoi ta Amurka, suka fitar da littafi a kanta a 1968. Majinyacin da ya gyara gadonsa ko ya yi wanka sai a ba shi wani ɗan ƙarfe kamar kwabo, daga baya ya canza shi da abin da yake so. Daga asibiti ta shiga makarantu. Sirrinta bai wuce abu biyu ba: sakamako ya zo nan take, kuma yaro ya san takamaimai abin da ya yi aka ba shi.

Kuma ta yi aiki, gaskiya ɗaya ce. Cikin 'yan makonni makara ta ragu, faɗa ya ragu. Yaron nan na ƙarƙashin benci ya dawo. Ranar da marfinsa na farko ya faɗa gwangwani ya yi ƙara, ni da idona na ga ya yi murmushi.

To sai dai wani daga cikin manyan malamanmu ya ce shi bai gamsu ba. Ya ce wannan tarbiyyar Nasara ce, kuma karatun Alƙur'ani ibada ne, ba a haɗa shi da ciniki. Ina girmama shi, maganarsa kuma tana da ƙafa, zan dawo kanta. Amma cewa baƙon abu ne a Musulunci, a nan ne na saɓa masa.

Imam Zahabi ya kawo a cikin Siyaru A'alamin Nubala'i labarin Zubaidu ɗan Haris Al-Yami, ɗaya daga cikin manyan masu hadisi na Kufa. Shi ne ladanin masallacin unguwarsu. Yakan kira yara ya ce su zo su yi sallah zai ba su gyaɗar jauzu. Su yi sallah, su kewaye shi, ya raba musu. Da aka yi masa magana, sai ya nuna cewa shi bai ga asarar da ya yi ba idan ya kashe dirhami biyar a kan jauzu yara suka saba da sallah. Ku lura da kalmar, su saba. Bai ce jauzu ne zai kai su Aljanna ba. Ƙafarsu yake so ta san hanyar masallaci kafin hankalinsu ya kai ga sanin dalili.

Haka Khaɗib Al-Bagdadi ya ruwaito cewa Ibrahim ɗan Adham, wanda har yau ake buga misali da zuhudunsa, mahaifinsa ya yi masa alkawarin dirhami ɗaya a kan kowane hadisin da ya ji ya haddace, kuma a kan haka ya fara neman hadisi. Wanda ya fara da dirhami, ga inda ya ƙare.

A Bukhari da Muslim, Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz (RA) ta ba da labarin yadda suke sa ƙananan yaransu azumin Ashura, su yi musu abin wasa da ulu, idan yaro ya fara kukan yunwa a miƙa masa ya shagala har rana ta faɗi. Imam Gazali a cikin Ihya'u, wajen da yake maganar tarbiyyar yara, ya ce duk lokacin da kyakkyawan hali ya bayyana daga yaro ya kamata a karrama shi, a saka masa da abin da zai faranta masa, a yabe shi a gaban mutane, idan kuma ya yi kuskure karo ɗaya a kau da kai kamar ba a gani ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru bayan yaƙin Hunaini, shekara ta 8 bayan Hijira. Manzon Allah (SAW) ya ba Safwanu ɗan Umayya dabbobi ɗari, ya ƙara ɗari, ya ƙara ɗari. Safwanu da bakinsa, kamar yadda Muslim ya ruwaito, ya ce a lokacin babu wanda ya fi ƙi kamar Annabi (SAW), amma bai gushe yana ba shi ba har ya zama babu wanda ya fi so kamarsa. Anas (RA) kuma ya ce mutum yakan musulunta ba abin da yake nufi sai duniya, ba a jimawa sai Musulunci ya fi soyuwa gare shi fiye da duniya da abin da ke cikinta. Wannan fa babban mutum ne mai gemu, shugaba a cikin Ƙuraishawa. Idan an lallashi zuciyar irinsa da kyauta, ina ga yaro ɗan shekara takwas da ya gudo daga ƙauye ba takalmi?

Mu ma nan ƙasar Hausa ba baƙinsa ba ne. Wa ya manta allon zayyana ranar sauka, da sabuwar riga, da zagayen dangi ana ba da tukuici? Ƙolo nawa ne ya daure wa sanyin asuba saboda yana hango ranar da za a yi masa irin ta yayansa? Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986, ana ba da manyan kyaututtuka, kuma Allah kaɗai Ya san yawan mahaddatan da ta zama sanadinsu.

Saboda haka asalin abin halal ne, yana da magabata. Amma dattijon da ya tare ni bai yi ƙarya ba, babban malaminmu ma bai yi ba. Hatsarin da suka hango na nan.

Su kansu Turawan sun gano shi. A 1973 wasu masu bincike uku, Lepper da Greene da Nisbett, sun yi gwaji da yaran wata makarantar reno a Jami'ar Stanford. Suka zaɓi yaran da dama can suna son zane da alƙalamin kala, ba wanda ya sa su. Suka kasa su uku. Kashi na farko aka ce musu in sun yi zane za a ba su takardar yabo. Na biyu suka yi zanensu, sai bayan sun gama aka ba su ba zato. Na uku ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka sake ajiye kayan zane aka zuba ido. Waɗanda aka yi wa alkawari tun farko, lokacin da suka ɓata a kan zane ya faɗi zuwa kusan rabin na sauran. Abin da yaro yake yi don so, an mayar masa da shi aikin lada, da lada ta tsaya sai ya tsaya. Waɗanda kyauta ta zo musu ba zato kuwa, son zanensu bai taɓu ba.

Mu kuma abin da muke tsoro ya fi raguwar sha'awa girma. Hadisin Abu Huraira (RA) a Sahihu Muslim ya ambaci mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar Alƙiyama, cikinsu har da wanda ya nemi ilimi ya karanta Alƙur'ani don a ce da shi malami, a ce da shi makaranci. An faɗa a duniya, ya karɓi ladansa, aka ja shi a kan fuskarsa zuwa wuta. Allah Ya tsare mu. Yaro ba mukallafi ba ne, ba a rubuta masa zunubi, amma abin da aka shuka masa yana ƙarami da shi zai balaga. In ya shekara bakwai a hannunmu bai taɓa buɗe Mus'hafi ba sai da ƙarar gwangwani, mun yi masa illa ko da ya sauke.

Da na zauna da malamin muka bi abin daki-daki, sai muka ga laifin ba na dabarar ba ne kaɗai, namu ya fi yawa.

Na farko ma abin dariya ne. Mako na uku murafu suka yi yawa fiye da abin da malam ya raba. Ashe yara sun gano mai shagon bakin titi yana zubar da su, sai su tsinto su zuba in malam ya juya baya. Wasu har saye suke a hannun 'yan uwansu, marfi biyar ƙuli-ƙuli ɗaya. Mun zo gyara hali mun buɗe kasuwar jabu. Daga nan aka koma katin kwali mai sa hannun malam, shi ne katin da yaron dattijo yake nema.

Na biyu ba abin dariya ba ne. Da muka duba littafin ƙirga, yara shida ko bakwai ne ke kwashe kusan komai, kuma su ne dama can masu ƙoƙari, 'ya'yan gidajen da ake yi musu bita da daddare. Su baƙin da aka ƙirƙiro abin dominsu, gwangwaninsu fayau. Yaron da uwarsa ke tura shi tallan koko da safe, ta ina zai riga kowa zuwa? Na tuna hadisin Nu'umanu ɗan Bashir (RA), da mahaifinsa ya ba shi kyauta shi kaɗai ya zo neman Annabi (SAW) ya yi shaida, Annabi ya ƙi, ya umarce shi da tsoron Allah da adalci tsakanin 'ya'yansa. Ɗalibai amana ce irin ta 'ya'ya. Adalci a aji shi ne a auna kowane yaro da jiyansa. Wanda jiya ya daki mutum uku yau ya daki ɗaya, ya motsa. Wanda ke kawo shafi guda kullum ba wahala, in ya kawo rabin shafi bai ci kati ba, ko da ya fi kowa a ajin.

Na uku laifina ne ni kaina. Na shiga ajin wata rana cikin nishaɗi na ce duk wanda ya kai kati hamsin zan saya masa sabon Mus'hafi. Yara huɗu suka kai. Ni kuwa hidima ta sha kaina, mako ya bi mako. Sai da wata yarinya ta tsaya a gabana ta ce, "Malam, ko ka fasa ne?" Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir (RA) ta kira shi yana yaro ta ce ya zo ta ba shi wani abu, Annabi (SAW) yana zaune a gidan. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Ni mai karantar da wannan hadisin ne na faɗa cikinsa. Washegari na ci bashi na sayo. Malam, in aljihunka ba zai iya ba, kar bakinka ya furta. Alli ɗaya da aka cika ya fi keke da aka yi alkawari.

Akwai kuma wasu abubuwa biyu da na hana tun ba a je ko'ina ba. Wani ya kawo shawarar kowane yaro ya riƙa kawo naira hamsin, a tara a saya wa wanda ya fi kati kyauta. Na ce a'a. Kowa ya zuba, ɗaya ya kwashe, saura su yi asara, wannan ya yi kama da caca, ba za mu koya wa yara ita da sunan Islamiyya ba. Kyauta ta fito daga makaranta ko daga wani mai neman lada. Sannan ƙwace katin da yaro ya riga ya samu saboda laifin yau. Wasu masu wannan tsari suna yin haka, ni ban so shi ba ga irin yaranmu. Yaron da aka ƙwace wa gida da gona da shanu, kar ya zo aji ya tarar nan ma ƙwace ake yi. In ya yi laifi a hana shi na yau, na jiya nasa ne.

Nasan wani zai ce, to Malam duk wannan wahalar ta mece ce, ba ga bulala ba, mu da ita aka koya mana? Haka ne, kuma Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Amma Nana A'isha (RA) ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Anas (RA) ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro, ko tsaki bai taɓa yi masa ba. Hadisin da ake kafa hujja da shi na duka a kan sallah, ku sake duba shi: umarni a shekara bakwai, duka sai a goma. Shekara uku ke nan, salloli sama da 5,000 ana tunatarwa ana lallashi kafin a ɗaga hannu, kuma a kan sallah, ginshiƙin addini. Mu kuwa yaro ya zo ranar Asabar, Lahadi ya sha dorina a kan ya manta wasali. Ibn Khaldun ya keɓe fasali guda a Muƙaddima a kan cewa tsanani yana cutar da ɗalibi, yana kashe masa kuzari, ya koya masa ƙarya da munafunci don ya tsira daga hannun mai dukansa. Shekara sama da 600 ke nan da ya rubuta, kamar ajinmu ya leƙa.

Gyaran da ya fi kowanne muhimmanci shi ne yaye. Ba uwar da ke shayar da ɗa har ya yi gemu. Kati nono ne, dole a sa masa ranar ƙarewa tun ranar da aka fara. Yanzu abin da muke yi, duk halin da ya zauna sai a cire shi daga lissafi. Zuwa da wuri ya zauna, mun daina ba da kati a kansa, sai dai malam ya ce "Allah Ya yi maka albarka" ya dafa kan yaro. Daga kullum aka koma sa'i-sa'i, yaro bai san ranar da zai zo ba. Mun ƙara da na jama'a: idan ajin gaba ɗaya ya yi mako ba faɗa, ranar Laraba a ba su ƙissar wani Sahabi da rabin awa na tamaula, sai ka ga su da kansu suna raba rigima. Kuma duk katin da zai fita, magana na biye da shi: "Wannan nawa ne, ƙarami ne, zai ƙare. Na wajen Allah kowane harafi lada goma ne, shi ba ya ƙarewa. Wanne ka fi so?" Yaro zai ce na Allah alhali idonsa na kan kati. Ba komai. A ci gaba da faɗa masa. An ruwaito daga magabata fiye da ɗaya cewa sun fara neman ilimi ba da cikakkiyar niyya ba, daga baya ilimin ya ja su zuwa ga niyyar.

Sannan akwai wuraren da kati ba ya shiga sam. Wanda dama yana son karatunsa, a bar shi da sonsa, in za a ba shi kyauta ta zo masa ba zato. Hidimar iyaye, taimakon makaho ya tsallaka titi, share masallaci, faɗin gaskiya a kan laifin kai, waɗannan ba mu sa musu farashi. Mun tara yaran mun gaya musu ƙarara cewa kati na cikin aji ne, iyakarsa ƙofar makaranta, kuma wanda ya nemi lada a wajen uwarsa ko kakarsa don ya ɗebo ruwa ya ci bashin da ba zai iya biya ba, don su ba su taɓa kawo masa lissafin nono da goyo ba.

Da na je gidan dattijon na zayyana masa duk wannan, ya yi shiru, can ya ce shi dai har yanzu ya fi yarda da dorina, amma zai zuba ido zuwa ƙarshen zango. Na ce na yarda. Babban malaminmu ma bai sauka daga ra'ayinsa ba, sai dai ya ce a cire haddar Alƙur'ani daga abin da ake saye da fensir, a bar kati a kan ladabi da zuwa da wuri, hadda kuma a riƙa karrama ta da addu'a da walima irin ta da. Kwamiti ya karɓi wannan a manyan azuzuwa, ƙanana kuma aka bar su yadda suke zuwa lokacin yaye.

Shi kuwa yaron nan na ƙarƙashin benci, da ya tara ashirin ɗinsa na farko bai karɓi littafi ba. Ya ce a ba shi jan addu'ar tashi. Muryarsa na rawa ya fara, yara suka amsa, ya kai ƙarshe. Yanzu yana Sabbi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da Birnin Gwari da kewayenta lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.